Birkin da Turawa Suka Gyara

Ranar da motar ta fara ƙin tsayawa, ina zaune a ƙofar gidana ina tsince wake. Maƙwabciyata Dorcas ta taho a hankali kamar yadda ta saba, don layinmu na unguwar Romi ba na gudu ba ne, ramukansa sun fi hanyar yawa. Ta karya kan motar za ta shiga get, sai na ji wani gurnani daga ƙarƙashi kamar injin markaɗe ya haɗiye tsakuwa. Motar ta ci gaba da tafiyarta salin-alin har ta dangana da ginshiƙin get. Ba wata babbar ɓarna aka yi ba. Fitila ɗaya ta fashe, wasu kiret na ƙwai suka kife a baya. Dorcas ta fito ta ce da ni ta taka birki iya ƙarfinta, amma fedar ta riƙa rawa tana turo mata ƙafa baya.

Surukarta, uwar mijinta, wadda duk layin ke kira Mama, ta fito da ludayi a hannu. Ba ta dubi Dorcas ba, fitilar ta fara dubawa. Ta shafa wurin kamar mai lallashin jariri, sannan ta ce ita dama ta faɗa, babbar mota ba ta mace ba ce.

Motar a-kori-kura ce ja, ƙatuwa, mai canza giya da kanta. Nicholas, yayan Benson mijin Dorcas, shi ya aiko ta daga Amurka bayan an rufe masaƙar Kakuri inda Benson ke aiki. Gidan da suke ciki ma na Nicholas ne, don haka a gidan nan in an ambaci Ubangiji da safe, suna na gaba nasa ne. Benson kuwa ya ce ya shiga siyasa. Tun da sojoji suka koma bariki, duk wanda aiki ya ƙare masa haka yake cewa, siyasar tasa kuma ba ta wuce bin wani kansila da jaka ba. Dorcas ce ke kiwon kaji a bayan gida, ita ke loda ƙwai, ita ke jan motar tana rarraba wa shaguna a Sabon Tasha da Unguwar Boro. Da ƙwan nan ake ci, da shi yaransu Vicky da Nelson ke zuwa makaranta.

Da Benson ya dawo ya ji labari, bai yi faɗa ba. Dariya ya yi, wadda ta fi faɗan ciwo. Ya ce mai yiwuwa totur ta taka maimakon birki, mata sukan yi haka in sun ruɗe. Dorcas ta ce ba yau ta fara tuƙi ba, ta san ƙafarta. Ya ce to, don hankalinta ya kwanta, za su kai wa Ikechukwu.

Ikechukwu bakanike ne a Kakuri, mutumin kirki mai yawan raha, kuma yana da hannu a aiki. Sai dai gwajin birki a wurinsa iri ɗaya ne, kamar na duk makanikan garin nan. Ya ɗebe su a motar ya hau babban titi, ya taka totur har iska na kaɗa musu kunne, sannan ya danna birki da ƙarfi. Motar ta tsaya cak, Benson ya kusa sumbatar gilashi. Ya sake, ta sake tsayawa. Ikechukwu ya daki sitiyari ya ce irin wannan birkin ko a mafarki motocinmu ba su da shi, birki ne mai ƙwaƙwalwa, shi ke kamawa yana saki da kansa don kada taya ta zame a kan ruwa. Dorcas ta ce ai ba a guje take yi mata ba, sai ta rage gudu ta kusa tsayawa. Ya gwada a hankali sau ɗaya don ya faranta mata rai. Abin takaici, ciwon motar irin mai kunyar baƙi ne, ranar ta tsaya lafiya lau. Suka dawo gida Benson yana ba da labarin yana kwaikwayon yadda Dorcas ta riƙe kujera.

Bayan 'yan kwanaki ta sake yi mata a Sabon Tasha, ta ture teburin mai tumatir. Ta sake yi a mahaɗar Unguwar Boro, ta taɓa bayan wani ɗan acaɓa, ya zage ta tas har da iyayenta. Ba kullum take yi ba, kuma wannan shi ne mugun abin. Sai ta yi mako tana tsayawa kamar ta Allah, Dorcas ta fara sakin jiki, ta fara tunanin ko da gaske ita ce ke ruɗewa, sai kuma gurnanin nan ya tashi, fedar ta kama rawa.

Ranar wata Lahadi da yamma Nicholas ya bugo waya. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, sabis a Romi sai an hau tudu, don haka Benson kan hau tarin bulo a tsakar gida ya yi ta ihu, mu maƙwabta mu sha labari kyauta. Dorcas ta tsaya a ƙasa tana roƙonsa ya tambayi Yaya maganar birkin. Da ƙyar ya tambaya, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Nicholas ya ce ai wannan tsohon zance ne. Kamfanin da ya ƙera motar ya kira duk masu irinta su dawo da ita saboda birki, shi da kansa ya kai ta, suka gyara kyauta kafin ya sa ta a jirgin ruwa. Ya ce su daina damunsa da ƙananan maganganu.

Benson ya sauko daga kan bulo yana washe baki. Dorcas ta ce, “Ashe dama an san tana da ciwon.”

Mama ta ce, “An san tana da shi, an kuma warkar da ita. Ko kin fi Turawan da suka ƙera ta sani ne?”

Dorcas ta ce ita ba ta san abin da suka taɓa ba, abin da ta sani shi ne gyaran bai riƙe ba. Ba wanda ya saurare ta. Daga ranar nan maganar ta zama garkuwa a gidan. Ko mene ne motar ta yi, amsar ɗaya ce, Turawa sun gyara. Ni kam na rasa gane wannan lissafi. Bature ya yi kuskure ya ƙera birkin da ba ya kamawa, ya kuma amsa da bakinsa cewa ya yi kuskuren, amma a gidan su Benson ba zai yiwu ya sake yin kuskure wajen gyara ba.

Dorcas ta ce ba za ta ƙara jan motar ba. Benson ya ce to ƙwai ya ruɓe, shi ba shi da halin ɗaukar direba, kuma kansila ba zai jira shi yana tallan ƙwai ba. Mama ta ce wasu matan a ka suke ɗaukar kaya suna gode wa Allah, ita an ajiye mata mota tana tsirfa. Ƙwai ya kwana biyu a jibge, masu shaguna suka fara aiko da saƙo cewa za su koma wa wani. Da safiya ta uku na ji ta tayar da motar.

Ta koyi zama da ciwon kamar yadda mace ke koyon zama da mashayin miji. A motar akwai wata 'yar feda ta gefen hagu, ita ce a madadin birkin hannu, Dorcas ta riƙa tafiya da ƙafar hagu a kanta. Ta daina matsawa kusa da shaguna. Sai ta tsaya can nesa inda ba mutane, ta ɗora kiret a ka ta taka da ƙafa, ta dawo ta sake ɗauka. Samarin Sabon Tasha suka sa mata suna Madam Ba-Birki, in ta doso sai su yi ta tsalle gefe suna dariya. In za ta shigo layinmu tun daga bakin titi take danna ham, tana leƙowa ta taga tana korar yara. Ta rame, wuyanta ya sage saboda ɗaukar kaya, in ka yi mata magana ta baya sai ta zabura. Wata rana na same ta zaune a cikin motar a ƙofar gida, injin a kashe, hannuwanta biyu a kan sitiyari, ta ce da ni, “Maman Judith, kullum in na fita sai in riƙa kallon mutane a hanya ina tunanin wanne ne a cikinsu.”

Mama kuma ta kai maganar zumuntar mata a coci. Ba ta ce surukarta na ƙarya ba, ta fi haka wayo. Ta ce a taya ta addu'a, akwai ruhun rashin godiya da ya shiga gidanta, wata na son ɓata kyautar ɗanta don ba daga danginta ta fito ba. Aka yi addu'a. Har gida wasu suka biyo, aka shafa wa sitiyari mai, aka ɗora wa Dorcas hannu a ka. Na ce da su birkin nan a ƙasa yake, ba a kanta ba. Aka ce ni dama bakina ba ya shiru.

Dorcas ta koma wurin Ikechukwu ita kaɗai, ta zauna a kan benci ta ce ba za ta tashi ba sai ya yi wani abu. Ya sosa kai. Ya ce shi dai bai ga komai ba, amma in Madam tsoro take ji, zai iya zare fiyus ɗin ƙwaƙwalwar, birkin ya koma irin na kowa, in ka taka ya kama. Illarsa ɗaya, wata fitila ruwan ɗorawa za ta kunna a gaban direba, ba kuma za ta mutu ba. Ya ce ba zai taɓa ba sai da izinin Oga. Dorcas ta dawo gida da murnarta kamar an yi mata albishir da haihuwa.

Benson ya ƙi. Ya ce Yaya zai zo Kirsimeti, ya shiga motarsa ya ga fitila a kunne, ya ce an ba 'yan ƙauye mota sun lalata. Ya ce wanda ya cire ƙwaƙwalwar motar Amurka don ya mayar da ita irin ta 'yan kasuwar doya, shi ne marar ƙwaƙwalwa. Dorcas ta ce a rufe fitilar da baƙin salatif mana. Ya ce Yaya ba yaro ba ne. Saboda wata 'yar fitila da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba aka rufe maganar, wannan kuwa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce. Wata Asabar da rana Dorcas ta tafi gaisuwar rasuwa, Mama na barci, Benson ya karɓo motar daga wurin wanki. Ina shanya ina kallonsa ya shigo get a hankali. Gurnanin nan ya tashi. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga, na ga yana dannawa da dukan jikinsa, motar kuwa ta tafi abinta har ta murƙushe durom ɗin ruwan kaji a jikin bango. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya waiga hagu da dama, ya mirgina durom ɗin ya kai bayan keji ya rufe da buhu. Na sunkuya kamar ban gani ba, amma da Dorcas ta dawo na faɗa mata komai.

Ta ɗauka wahalarta ta ƙare. Ta sami Benson da maganar, ya ce Maman Judith ta tsufa, idonta ya fara gizo, durom ɗin dama a lotse yake. Sai dai daga ranar bai ƙara shigar da motar get ba. In zai kai su coci ran Lahadi, can ƙarƙashin mangwaron gaban cocin yake tsayawa inda hanya ta yi tudu, ya ce inuwa yake nema mata. Ya kuma kafa wa Vicky da Nelson doka, kada ya ƙara ganinsu a tsakar gida in uwarsu ta dawo. Ya san komai, amma kullum da safe shi ke miƙa mata makulli.

Abin ya faru da damina. Comfort mai shagon kayan masarufi a Unguwar Boro ita ce babbar mai sayen ƙwan Dorcas, gwauruwa ce, cocinmu ɗaya, kuma tana cikin 'yan tsirarun da ba su taɓa yi mata dariya ba. A makon an haƙe gefen titin don aikin lambatu, filin da Dorcas ta saba tsayawa ya zama rami. Ba inda ya rage sai gaban shagon. Ana yayyafi, motoci na danna mata ham a baya. Comfort ta fito da lema tana yafito ta, tana cewa ta matso kada ƙwai ya jiƙe. Dorcas ta matso a hankali. Fedar ta kama rawa. Ta danna ta hagun, ashe wayar fedar ta saki saboda yawan aiki, ta tafi har ƙasa ba ta riƙe komai ba. Motar ta haɗa ƙafar Comfort da bangon shago.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, daga baya suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. 'Yan sanda suka riƙe motar. 'Yan'uwan Comfort suka zo daga gida rai a ɓace, suka ce sun ji ƙishin-ƙishin motar ba ta da birki. Dattawan coci suka shiga tsakani, aka ɗora wa Dattijo Ishaku jagorancin sulhu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai sanyin hali da kowa ke jin maganarsa. 'Yan'uwan suka faɗi nasu a fili. In kuskuren direba ne, tsautsayi ne, 'yan'uwa a cikin Almasihu ba sa kai juna kotu kan tsautsayi. In kuwa mai mota ya san ba ta da lafiya ya bar ta a titi, to sai dai alƙali ya raba su.

Kwana ɗaya kafin zaman sulhun, Benson ya sami Dorcas a kejin kaji tana zuba dusa. Ita ta ba ni labarin daga baya, ba ta yi kuka ba tana faɗa, ni ce na yi.

Ya ce, “Maman Vicky, gobe ki ce ƙafarki ce ta zame. Ruwa ake yi, takalminki a jiƙe, kowa zai gane.”

Ta ce, “Baban Vicky, ka san ba ƙafata ba ce.”

Ya juya yana kallon kaji, ya ce, “Na sani. Ni ma ta yi mini.”

“To ka faɗa musu.”

“In na faɗa ni za a rufe. Yaya ya ji an ce motarsa ce ta yanke wa mutum ƙafa, ya ce mu fita masa daga gida. Ina za mu kai yaran nan? Ina zan kai Mama? Ke mace ce, za a tausaya miki. Magana na mutuwa zan kai wa Ikechukwu ya zare abin, na rantse miki.”

Ta ce da ni abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, wata da watanni tana jiran ta ji wani a gidan ya ce ya yarda da ita, ranar da ta ji kuwa a kejin kaji ne, ba mai shaida sai kaji.

Aka yi zaman a ɗakin Comfort, tana kwance an rufe mata ƙafa da zane. Ɗakin ya cika. Dorcas ta durƙusa a gaban gadon ta ce ƙafarta ce ta zame, ita ce da laifi, a yafe mata. Na buɗe baki zan yi magana, ta juyo ta dube ni, irin kallon da ke cewa in kina ƙaunata ki yi shiru. Comfort ta daɗe tana kallonta. Ita ta sha jin kukan Dorcas kan birkin nan, ta kuma ji gurnanin da kunnenta kafin motar ta same ta. Ta ce, “Haka kika ce, Dorcas?” Dorcas ta ce haka ne. Comfort ta ce ta yafe, ta juya fuskarta bango. Aka yi waƙar godiya, Mama ta fi kowa ɗaga murya.

Motar ta dawo gida, aka sa mata sabon bamba. Aka karɓe makulli daga hannun Dorcas tunda ƙafarta ba ta da tabbas, ta koma kai ƙwai a kan acaɓa, rabi ya isa rabi ya fashe. Rabin ribar kuma na tafiya gidan Comfort, ba wanda ya sa ta, ita ta ga ya kamata. A kasuwa sunanta ya tashi daga Madam Ba-Birki ya koma matar nan da ta yanke wa gwauruwa ƙafa. Duk mako sai ta tuna wa Benson rantsuwarsa. Ya ce in Ikechukwu ya zare fiyus yanzu, kafin yamma labari ya kai kunnen 'yan'uwan Comfort, sun gane an yi musu ƙarya. Da ta sake tambaya ya ce ta bari Yaya ya zo ya koma. Da ta matsa ya ce ai motar a ajiye take, wa za ta taka a ajiye?

Nicholas ya zo ana saura mako guda Kirsimeti, ya yi ƙiba, Hausarsa ta fara karkacewa. Ya gaisa da Dorcas sama-sama, ya ce ya ji abin da ya faru, ta riƙa kula. Ran Lahadi iyalin suka fita godiya a coci, suka yi rawa har gaban bagadi. Aka miƙa wa Nicholas makirufo. Ya ce Ubangiji ya kare sunan gidansu, don haka shi ma zai yi wa Ubangiji wani abu. Ya ji an ce 'yan makarantar Lahadi za su je reshen cocin na Unguwar Boro waƙoƙin Kirsimeti bayan sujada, kuma da ƙafa suka saba zuwa. Daga yau motarsa ce za ta riƙa kai su duk inda za su. Ya zaro makulli ya damƙa wa Dattijo Ishaku. Coci ta ɗauki tafi da guɗa. Na dubi Benson, yana tafi shi ma, idonsa a ƙasa.

Ana tashi yara suka ruga ƙarƙashin mangwaro inda aka ajiye motar, fararen riguna da jajayen huluna, suna rige-rigen hawa bayan motar. Vicky da Nelson na cikin na farko. Jikata, ɗiyar Judith, ta ɗaga ƙafa za ta hau, na fizgo ta. Dorcas ta keto taron ta tsaya a gaban Dattijo Ishaku, ta ce kada ya tayar da motar nan, birkinta ba ya kamawa in ana tafiya a hankali, ita ta sani, shi ne ya cinye ƙafar Comfort. Na ce ni ma shaida ce, na gani da idona.

Dattijo Ishaku bai yi fushi ba. Ya dube ta da tausayi ya ce, “'Yata, ke da bakinki kika durƙusa a gabanmu kika ce ƙafarki ce. An yafe miki. Kada ki bar Shaiɗan ya mayar da ke baya.”

Mama ta ce a gani dai, a gani da ido, ko a ranar godiya Dorcas ba za ta bar su su huta ba. Nicholas ya ce birkin nan kamfani ne ya gyara shi, ba makanikin bakin titi ba. Wata daga cikin zumuntar mata ta kama hannun Dorcas tana cewa ta yi haƙuri, abin da ya faru ne bai sake ta ba. Dorcas ta juya tana neman mijinta a cikin taron.

Yana bayan motar. Ya miƙa hannu ya sauko da Nelson, sannan ya sauko da Vicky tana kuka tana cewa ita ce za ta ja waƙa. Ya ce da malamar makarantar Lahadi cikinsu ba daɗi tun safe, gara su zauna a gida. A hankali ya faɗa, amma Dorcas ta ji.

Ta ce, “Baban Vicky, sauran kuma 'ya'yan wa?”

Benson bai juyo ba, yana riƙe da yaransa hannu bibbiyu. Ya ce, “Maman Vicky, ba a nan ba.”

Mata biyu ko uku suka dubi juna, suka je suka sauko da nasu. Sauran suka dubi Nicholas, suka dubi dattijon, suka ji kunyar a ce sun raina kyautar da aka yi wa Ubangiji. Malamar ta tafa hannu, yara suka ɗauki waƙa. Dorcas ta riƙe ƙofar motar, maza biyu suka ɓamɓare mata yatsu cikin ladabi suna ba ta haƙuri.

Motar ta sauka daga tudun ta nufi titi, cike da yara har kan murfin baya. Dorcas ta tuɓe takalmanta ta bi ta da gudu tana kiran mutanen da ke hanya su kauce. Ba ta sha wahalar cim mata ba. Dattijo Ishaku mutum ne mai taka-tsantsan, duk inda za shi a hankali yake tuƙi.